Ƙananan Garuruwan Amurka da Tarihin Garuruwanmu na Kuza

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ƙananan garuruwan karkarar Amurka suka kafu, suka bunƙasa, suka kuma adana tarihinsu, saboda ina ganin batun ya shafe mu ƙwarai a nan Filato. Idan aka ambaci Amurka, hankalin yawancinmu kan tafi manyan birane ne, alhali ƙasar tana da hukumomin ƙananan gundumomi sama da 16,000 a jihohi 20, kuma da yawansu jama'arsu ba su kai ta unguwa guda a cikin Jos ba. Duk da ƙanƙantarsu, mai bincike yana iya gano lokacin da aka auna ƙasarsu da sunan wanda ya fara sayen fili a cikinta, domin an rubuta an ajiye.

Tushen wannan tsari a tsakiya da yammacin ƙasar yana komawa ne ga shekarar 1785. Bayan yaƙin neman 'yanci daga Ingila, bashi ya yi wa sabuwar gwamnati katutu, ga shi kuma a lokacin majalisar ƙasa ba ta da ikon ɗora wa jama'a haraji, sai ta ga hanyar samun kuɗi ita ce sayar da filayen da ke yamma. Dokar filaye ta wannan shekara ta tanadi cewa sai an auna ƙasa kafin a sayar da ita. Aka yanka ta gunduma-gunduma, kowace tana da tsawon mil 6 da faɗin mil 6, aka kuma raba kowace gunduma kashi 36, kowane kashi eka 640. Thomas Hutchins ne ya jagoranci safiyon farko, wanda aka fara daga bakin kogin Ohayo a kan iyakar jihar Fensilbeniya, kuma har yau hanyoyi da gonaki a tsakiyar ƙasar suna bin waɗannan layuka.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na wanda ya yi rayuwarsa a aikin koyarwa, shi ne kashi na 16. Dokar ta ware wannan kashi a kowace gunduma domin ɗaukar nauyin makarantar jama'a, ko dai a ba da hayarsa ko a sayar a zuba kuɗin a asusun ilimi. Ma'ana, tun kafin a kafa bukka ɗaya, tun kafin a haifi yaron da zai shiga aji, an riga an yi wa karatunsa tanadi. Daga 1848, lokacin da aka tsara yankin Oregon, aka ƙara kashi na 36 a kan na 16. Gaskiya ne jihohi da dama sun yi gwanjon waɗannan filaye a farashin banza, amma a jihar Misisifi har yanzu hukumomin makarantu suna karɓar kuɗin haya daga gare su. Duk wanda ya ga yadda ake yanka filayen makarantun firamare a garuruwanmu ana gina shaguna, har yara su rasa inda za su yi wasa, zai fahimci dalilin da ya sa wannan tanadi yake taɓa zuciyata.

Bunƙasar garuruwan ba ta zo bai ɗaya ba. Dokar da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta bai wa duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara 5 damar mallakar eka 160, wannan ya kwararo da jama'a zuwa yamma. Sai dai layin dogo ne ya fi yanke hukuncin garin da zai rayu. Garin da jirgi ya tsaya a cikinsa ya sami rumbun hatsi da banki da jarida, wanda kuwa layi ya kauce masa sau da yawa mutanensa sun kwashe sun koma kusa da tasha. Daga baya injinan noma suka rage buƙatar hannaye a gona, manyan titunan da aka fara shimfiɗawa bayan dokar gina tituna ta 1956 suka zagaye garuruwa da dama, matasa suka tafi birni, aka haɗe ƙananan makarantu wuri guda.

A 1876, lokacin cikar ƙasar shekara 100, Shugaba Ulysses Grant ya fitar da sanarwa bisa shawarar majalisa, yana kira ga kowane gari da kowace ƙaramar hukuma su taru a ranar bikin, a karanta musu tarihin wurin tun daga kafuwarsa, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin magatakarda, a aika ɗaya ɗakin karatu na majalisar ƙasa. Shekarun da suka biyo baya sun ga ambaliyar littattafan tarihin ƙananan hukumomi. Littattafan suna da aibu babba, kuma wajibi ne a faɗe shi. Manoma masu hali ne suke biyan kuɗi a sa tarihinsu da zanen gidajensu, talaka da ɗan ƙodago ba su cika samun shiga ba. Mafi muni, ƙasar da aka auna tana da masu ita. Ƙabilu irin su Shawnee da Miami da Wyandot sun rasa mafi yawan ƙasar da ta zama jihar Ohayo a yarjejeniyar Greenville ta 1795 bayan an ci su da yaƙi, amma littattafan sukan ambace su a 'yan shafukan farko kawai, su wuce kamar tarihi ya fara ne da zuwan mai safiyo.

Malam Edita, garuruwanmu na kuza sun bi kusan wannan tafarki na tashi da faɗuwa. Bukuru da Barkin Ladi da Bisici da Dorowa sun cika sun batse ne saboda haƙar kuza. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Filato a 1914, babban layi ta Kafanchan ya iso Jos a 1927, aka rufe ƙaramin a 1957. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawan mulki sun ɗebo dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a filin kuza, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, harkar da dama ta riga ta yi rauni ta durƙushe, aka bar mana kududdufai da tarin ƙasa. Jikokin waɗancan leburori suna nan a tsakaninmu, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin garin da aka ɗebo kakansu ko barikin da ya zauna, kuma dattawan da suka ji labarin daga bakin masu shi suna ƙarewa.

Na san maganar tarihi a Jos magana ce mai zafi, domin an sha zubar da jini a kan tambayar wa ya riga wa zuwa, shi ya sa wasu ke ganin gara a bar ta. Ni kuwa ina ganin rashin rubutaccen bayani ne ya bar fagen ga jita-jita da masu neman ƙuri'a. Idan za a yi aikin, dole a kauce wa kuskuren da Amurkawa suka yi. A ji daga bakin Birom da Anaguta da Afizere waɗanda gonakinsu ne aka tone, a ji daga Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa da Urhobo waɗanda suka yi haƙa da fatauci da kiwo da aikin ofis, a ji daga matan da suka yi dakon ƙasa a kwano, a rubuta kowane bayani da sunan wanda ya bayar da ranar da ya bayar.

Kayan aikin suna nan. Akwai rahotannin jami'an lardi a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952, akwai sashen tarihi a Jami'ar Jos da ɗalibansa ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar muryar dattijo. Shekarar 2026 ita ce ta cikar jihar Filato shekara 50 da ƙirƙirowa. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi 17 na jihar da sarakuna da masu unguwanni su sa a tattara tarihin kowace gunduma, a buga da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, a ajiye kwafi a sakatariya da makarantu. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka ware shafi guda a kowane wata domin tarihin gari ɗaya, a fara da Bisici ko Dorowa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Gangare, Jos.