Wasiƙa zuwa Legas, Saura Mako Guda Zaɓe

Kano, 18 ga Fabrairu, 2023

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya Ikko? Saƙonka ya iso, har da wannan tambayar ta rainin hankali, wai ko jar hula ce ta matse min kai na kasa lissafi. To ga lissafin, ka zauna ka karanta, kada ka tsallake kamar yadda ka saba.

Kwankwaso zan zaɓa shugaban ƙasa ranar Asabar 25 ga wata in Allah ya kai mu, kuma dalilina na farko makaranta ce. Jami'o'in jiha biyu a Kano a hannunsa aka kafa su: ta Kimiyya da Fasaha ta Wudil a zangonsa na farko na gwamna, 1999 zuwa 2003, sai Northwest a 2012, a zangonsa na biyu, wadda aka sa wa sunan Yusuf Maitama Sule a 2017. A wannan zangon na biyu ne aka ɗebi yara 501 a tashin farko aka kai su ƙasashen waje karatun digiri na biyu, aka tura wasu 100 Jodan koyon tuƙin jirgin sama. Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗin: sakamakonka ake dubawa. Ɗan mai facin taya da ya fito da daraja ta ɗaya ya hau jirgi, ɗan babban mutum da ya yi wasa ya zauna gida. Yawancinsu sun dawo, kana shiga jami'a ko asibiti za ka same su suna aiki. Ga kuma ciyar da yaran firamare da ɗinka musu kayan makaranta. Ƙasar da malaman jami'a suka yi wata takwas suna yajin aiki bara, daga Fabrairu har Oktoba, tana bukatar wanda ilimi ya dame shi tun kafin a fara kamfen. A kundin manufofinsa ya yi alƙawarin fom ɗin WAEC da NECO da JAMB kyauta, kai ma ka san gidaje nawa yaro ke gama sakandare ya zauna don kuɗin fom kawai.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. Titunan kilomita biyar-biyar na ƙananan hukumomi da yawa ba a kammala su ba. Wutar Tiga da Challawa ba ta kama ba har ya sauka a 2015. Wasu ɗaliban na waje sun sha wuya kan kuɗin makaranta bayan canjin gwamnati, kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Rubuta sunan Kwankwasiyya a rufin azuzuwa kuwa ni ma bai taɓa yi min daɗi ba, kuɗin jama'a ne. Duk na sa su a ma'auni, gadar Ƙofar Nasarawa da makarantun nan suka rinjaya. Ka kawo min na naka gwanin mu auna, amma aikin da za a je a taɓa da hannu, ban da na fosta.

Af, wai da gaske ne ka fara tumbi? Hoton da amarya ta turo wa mutanen gida ya zaga dangi kaf. Hajiya ta ce a gaya maka ka rage amala.

Sai babbar maganarka, cewa ƙuri'ata asara ce tunda jam'iyyarsa ta NNPP ba ta da ƙarfi a kudu. Duba sashe na 134 na tsarin mulki. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum kujerar nan. Sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jiha 24, ga kuma batun Abuja da lauyoyi ke ta jayayya a kai. In babu wanda ya cika, sai zagaye na biyu cikin kwana 21, tsakanin wanda ya fi ƙuri'a da wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin sauran. Bana 'yan takara 18 ne, huɗu masu ƙarfi, abin da ba mu saba gani ba tun 1999. Kano na da masu rajista sama da miliyan biyar da dubu ɗari tara, Legas ce kawai ta fi mu. Duk wanda ya riƙe wannan tulin, ko bai kai Villa ba, da shi za a zauna a yi ciniki. Kuma ranar ƙuri'a uku za a miƙa maka, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, su ne masu zama kan kasafin kuɗi. Da an daidaita da su Obi bara da lissafin ya fi haka daɗi, amma kowa ya ce shi ne gaba, magana ta watse.

Abin da ke hana ni barci shi ne lalacewar ƙuri'a. Takardar babu hoton kowa, alamar jam'iyya ce kawai, tamu kwandon kayan marmari, tsofaffi da yawa kuwa jar hula za su shiga nema. Ka gaya wa su Inna a waya. A dangwala cikin akwatin da ke gefen alamar, kada tawada ta haura layi, a ɗan jira ta sha iska, sannan a naɗe takardar a tsaye. In aka ninka ta a kwance da ɗanyar tawada sai ta bugi wata jam'iyyar, wajen ƙirga a ce ta lalace. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, duk wanda ke kan layi kafin 2:30 sai ya yi. Na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, za ta duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska, in duka suka ƙi babu zaɓe, zancen cike fom na da ya wuce. Masu lalle da masu aikin siminti su kwana da shirin yatsa zai iya ba su matsala. Ba a shiga wurin dangwala da waya.

Bayan an gama kada kowa ya tafi. A ƙirga a gaban jama'a, a rubuta a fom ɗin sakamako EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafinsu, a ɗauki hotonsa da BVAS a tura shafin hukumar zaɓe na IReV, a manna sakamako a bango. A lura da adadin da na'ura ta tantance, don in ƙuri'u suka haura shi soke rumfar za a yi ɗungurum. Mai son ɓata akwatin da ya san ba zai ci ba, 'yan ƙuri'u kaɗan zai cusa.

Kai kuma katinka na nan unguwarmu, ba ka mayar da shi Legas ba har aka rufe rajista ƙarshen Yulin bara. Ke nan in ba ka hau mota ba, duk wannan cika bakin naka a WhatsApp zai ƙare. In za ka taho ka nemi tsabar kuɗi tun can, nan masu POS sun zama sarakuna, tsohuwar ɗari biyu da Buhari ya ce a ci gaba da karɓa har 10 ga Afrilu ita ake wawa. Mai shayin bakin layi ma tiransifa yake karɓa yanzu, sai ka sha ka tsaya jiran alat kafin ya sake ka. Ya ce in tuna maka bashinsa na tun Sallah.

An sa ranar auren autar gidan Kawu bayan ƙaramar Sallah, kuma an rubuta sunanka cikin masu kawo buhun shinkafa, ban da gardama. Ka gaida amarya da yara, ka turo min lambar takalmin babban.

Naka,
Abokinka na Kano