Ba Kowace Gudawa Ce Haƙori Ba

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Mu nan sai godiyar Allah.

Saƙonki ya iso cewa jikana yana ta gudawa, jikinsa da zafi, kuma matan gida sun ce haƙori ne, ki bar shi zai wuce. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Matan nan ba da mugun nufi suka faɗa ba, abin da suka taras ke nan. Amma haƙori ba ya sa gudawa tsuuu kamar ruwa, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa, fitowar haƙori kan zo daidai da rarrafe, yaro na wawurar duk abin da ya gani a ƙasa ya kai baki, ga kunu da aka fara ba shi. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga, sai a ɗora wa haƙori laifi.

Abin tsoro a gudawa shi ne ruwan jikin yaro ya ƙare. Saboda haka kafin komai, ki sa a sayo ORS, wato garin gishiri da sukari na cikin takarda da ake haɗawa da ruwa, ki karanta jikin takardar ki ga yawan ruwan da aka ce a haɗa, kada ki yi da ka. In dare ya yi babu inda za a samu, ki tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, wato daidai da ledar fiya wata biyu, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, ba a tsiri ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin nan kada ya wuce haka, yawansa illa ne. Ki ɗora yaron a cinya ki dinga ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, musamman duk bayan ya yi kashi. In ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Nono kuwa kada ki yarda a ce ki hana shi, yanzu ne ma ya fi buƙatarsa. Ki haɗa da ƙwayar zinc, ana narkar da ita a cokalin nono, a ba shi kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Ki dinga taɓa maɗigarsa. In kika ga ta faɗa, idanu sun zurma, ko kika ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, ruwa ne ya ƙare. Ba abin da za a shafa a maɗiga ya ɗago ta. Haka in kika ga jini a kashin, ko ya ƙi kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya dawo da shi, ko jijjiga ta kama shi, ki goya shi ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ki faɗa wa maigidanki ni na ce.

Sai zancen zafin jiki. Damina ce, sauro ya yi yawa, amma ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. A kai shi a ɗan soki yatsa a gwada, cikin minti 20 an san gaskiya. In maleriya ce za su ba shi irin su Coartem gwargwadon nauyinsa, sau 6 cikin kwana 3, kuma an fi so a ba shi bayan ya sha nono. Yara kan warware a rana ta biyu, uwa ta ajiye sauran maganin a kan durowa, bayan mako biyu zazzaɓi ya dawo. Ki ƙarar da shi duka. Masu bi gida-gida da maganin rigakafin maleriya na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, in sun zo ki karɓa kowane wata, kuma ku kwana cikin gidan sauro.

Abin da na fi roƙonki, ki guji haɗin da ake ƙullowa a leda a kemis, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali. Paracetamol na yara ya isa sauke zafin jiki, a auna da murfinsa daidai yadda aka ce. Aspirin ba na yara ba ne. Mura kuma ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Amoxil, da kanta take tafiya. Su kuma kwalaben da ake ce wa maganin haƙori, ki tuna a 2008 wani irinsu da ya gurɓata ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, ƙodarsu ta tsaya. Duk maganin da za ki saya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Na san ba sauƙi ba ne ƙaramar yarinya ta saɓa wa manya a gidan miji. Ba sai kin yi musu da kowa ba. Ki ce to, ki yi godiya, ki ja maigidanki gefe ku kai yaron a duba shi.

Ki kira ni da safe in ji yadda ya kwana, ki faɗa mini sau nawa ya yi fitsari. Ki gaida surukarki da kyau. Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya mana shi.

Mahaifiyarki