Wasiƙa kan abincin mesarka: ɓera mai rai ko na firiza

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ka gaishe mini da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Mu ma nan lafiya lau muke, sai kewarku.

Saƙonka ya iso, hotunan ma na gani. Mesar ta yi kyau ƙwarai, jikinta a cike, fatarta sai sheƙi take. Irin nan ce mai dunƙulewa ta cusa kai a tsakiyar jikinta idan ta tsorata, kuma ka dace da samunta, don tana da sanyin hali, tana kuma iya kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Ka ce wanda ya sayar maka da ita ɓeraye masu rai yake ba ta tun tana ƙarama, ka gwada mata na firiza ta kau da kai, yanzu kuma kana ganin gara ka bar ta a kan abin da ta saba, tunda a daji ma haka take ci. To, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka juya ta zuwa daskararren ɓera, ko da abin zai ci maka watanni.

Maganar daji ita ce ta fi yaudarar mutane, shi ya sa zan fara da ita. A daji mesa ce ke zaɓar lokacin farautarta. Takan laɓe ta jira. Idan ba ta jin yunwa, ɓera ya gifta ta gabanta ba ruwanta, shi ma ya kama gabansa. Idan ta kai sara ta kuskure, ya tsere, magana ta ƙare. Keji ba haka yake ba. Kai ne ka zaɓi ranar, kai ka jefa ɓeran, kai ka rufe murfi, babu mai hanyar fita a cikinsu. Ɓeran da tura ta kai shi bango kuwa ba abin wasa ba ne. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, da su yake huda katako, ina ga fatar maciji.

Abin da sababbin masu kiwo ba sa yarda da shi sai sun gani shi ne, macijin da ba ya jin yunwa ba ya kare kansa daga ɓera. Balle irin taka, wadda iyakar dabararta ta dunƙule ta yi shiru. Ɓeran zai yi ta zagaye, yunwa da ƙishirwa su kama shi, ya matso ya shinshina, ya ga ba a ce masa komai ba, sai ya fara gaigaya. Na taɓa ganin wata a wurin likitan dabbobi, mai ita ya saka mata ɓera da daddare ya tafi ya kwanta. Da gari ya waye an cinye mata fatar baya a wurare da yawa, wani wurin har ana hango farin ƙashi, ita kuwa tana nan a dunƙule kamar ba a jikinta ba. Ta rayu, amma sai da ta yi saɓa a kai a kai kafin raunukan su rufe, tabon kuma ya zauna, babu zane babu sheƙi a wurin.

Za ka ce ai kai ba za ka tafi ka bar su ba, a tsaye za ka kasance. Na yarda. Sai dai ko mai jin yunwa ce, ba kullum kamu ke yin daidai ba. Idan ta cafke shi a kai ko a wuya, shi ke nan. Idan kuwa a ƙugu ta kama, kansa na sake, zai juyo ya ciji duk abin da bakinsa ya kai: ido, leɓe, wuya. Wannan kafin ka ɗaga hannu ya riga ya faru. Cizo a baki yakan jawo ruɓewar baki, ciwon da ke hana maciji cin abinci, sai an yi ta wanki da allura. Idon da ya fashe kuma ya tafi ke nan.

Shi ma ɓeran rai gare shi, bai kamata mu yi kamar ba mu sani ba. An daɗe ana cewa maƙure shi maciji ke yi har numfashi ya ƙare. A shekarar 2015 wani masani mai suna Scott Boback da abokan aikinsa a Kwalejin Dickinson ta Amurka suka auna abin a kan ɓerayen da aka yi wa allurar barci, suka gano cewa matsar tana tsayar da gudun jini ne, cikin daƙiƙa shida ƙarfin bugun jinin ya ragu da rabi. Wato idan kamun ya yi kyau, mutuwar ba ta daɗewa. Amma wannan lissafin bai haɗa da mintunan da ɓeran ke yi a lungun keji yana rawar jiki ba, bai kuma haɗa da kamun da ya karkace ba. Masu kiwon ɓeraye don sayarwa galibi da iskar kabon dayokside suke kashe su kafin su daskarar. Ba na cewa wannan daɗi ne, amma ya fi sauƙi. A Birtaniya, dokar kula da jin daɗin dabbobi ta 2006 ba ta ambaci ciyar da maciji da sunansa ba, sai dai ta haramta jawo wa dabba wahalar da za a iya kauce mata, shi ya sa masu kiwo a can kusan duk na firiza suke bayarwa.

Kada kuma ka ji kamar ka tauye wa mesarka wani haƙƙi na farauta. Shi dai wannan masanin Boback, a wani gwaji na 2012, ya saka wa matattun ɓeraye wata 'yar na'ura mai bugawa kamar zuciya, ya ga macizan suna ci gaba da matsa muddin bugun bai tsaya ba. Abin da jikin maciji ke amsawa ke nan: wari, ɗumi, motsi. Duk ukun kana iya kawo mata su da hannunka. Za ta kai sara, ta naɗe, ta matse, in ka ɗan ja wutsiyar ɓeran a hankali ta ƙara ƙarfi, sannan ta nemi kai ta haɗiye. An kuma sha ganin macizai iri-iri suna cin mushe a daji, har wanda mota ta take a kan titi.

Sauran amfanin na firiza ba sai na tsawaita ba. Sanyi na kashe da yawa daga tsutsotsin ciki da ƙwarin jiki. Kana ajiye na watanni a lokaci guda, kana zaɓar girman da kake so, ba ka da ɗawainiyar ciyar da ɓeran da aka ƙi ci. Batun cewa sanyi na rage amfanin abincin, sai an daɗe ƙwarai ake samun haka. Ka dai yi amfani da su cikin wata shida, a leda mai rufi sosai. Cikakken ɓera da ƙashinsa da hantarsa da gashinsa ya wadatar da ita, ba ta bukatar wani ƙari.

Amma na firiza ma yana da nasa sharri, kuma wannan a kanku yake, ba a kan mesar ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayar salmonela, mai sa mutum gudawa da zazzaɓi. A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun wata ɓarkewar cutar da ta kama fiye da mutum 40 a jihohi da dama, ta tarar daga daskararrun ɓerayen ciyar da macizai take. Tunda kana da yara ƙanana, ka ware wa ɓerayen mazubi mai murfi, in da hali ma firiza daban. Robar narkarwa da hantsakin miƙawa kada su taɓa haɗuwa da kayan girki, kada a wanke su a inda ake wanke kwanuka. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, yara kuma su tsaya kallo daga nesa. Idan wuta ta ɗauke har suka narke suka fara wari, zubarwa za ka yi, kada ka ji asara. Wanda ya narke ba ya komawa firiza.

Kuma don Allah kada wata rana kayanka su ƙare ka ce bari ka ɗana tarko ka kamo na gida ko na gona. Ba ka san wanda ya ci guba ba, gubar kuma takan bi ta kan wanda ya cinye shi. Ga tsutsa, ga cututtukan da ke kama mutum. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda irin mesarka ke mutuwar so, na dajinsa shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa. Wanda aka haifa aka raina a wurin masu kiwo kaɗai za ka ba ta.

Yanzu ga yadda ake shirya shi, don a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa su ce macijinsu ya ƙi. Ka ciro ɓeran tun daren jiya, a cikin ledarsa, ka sa a ƙasan firji cikin roba mai murfi ya narke a hankali. Idan lokaci ya yi, ka tsoma ledar a ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kamar minti 15 zuwa 20, in ruwan ya huce ka sake wani. Sai ka danna cikinsa da babban yatsa, ka taɓa kansa da ƙirjinsa. Ya zama laushi ko'ina, babu wani wuri mai tauri ko sanyi a ciki. Ɓeran da cikinsa ke da sauran ƙanƙara yana sa maciji amai, wani lokaci ma abin ya fi haka muni. Kada ka kusanci na'urar ɗumama abinci mai aiki da lantarki, dafa shi take yi a wani gefe ta bar wani, ko cikin ya fashe, warin kuma sai ya kore ku daga gidan.

Ɗumi shi ne sirrin. Ka duba leɓen mesarka na sama, za ka ga 'yan ramuka a jere. Da su take jin zafin jikin dabba ko a cikin duhu. Ɓera mai rai zafinsa wajen digiri 37 ne. Idan ka miƙa mata wanda ya narke amma ya huce, a wurinta dutse ka miƙo, hannunka ma ya fi shi kama da abinci. Shi ya sa za ka busa wa kan ɓeran iska mai zafi da na'urar busar da gashi na ɗan lokaci, kusa da kejin, warin ya riga ka isa. Ka yi haka da daddare, fitila a rage, ɗakin shiru. Ka riƙe shi da dogon hantsaki ta gadon baya, ƙafafu na ƙasa kamar mai tafiya, ba a rataye ta wutsiya yana reto ba. Kada ka dungura mata shi a fuska, tsorata za ta yi. Ka ja shi a hankali ta bakin maɓoyarta, ka tsaya, ka ɗan girgiza. Za ka ga harshe ya fara fita da sauri da sauri, kai ya leƙo, wuya ya lanƙwashe ya ja baya. Daga nan kada ka motsa.

In ta ƙi, ka ajiye shi a bakin maɓoyar, ka rufe kejin da zane ka tafi, wasu ba sa ci sai ba kowa. Da safe in yana nan ka zubar, ka jira kwana bakwai zuwa goma. Yawan miƙa mata kullum ƙara mata ƙi yake yi. Akwai masu goga ɓeran a tsohuwar shimfiɗar kejin ɓeraye ya ɗauki wari, akwai masu ɗan huda kansa ƙwaƙwalwa ta fito. Ba shi da daɗin gani amma yana aiki. Wasu kuma sukan bi mataki: su fara da wanda aka kashe yanzu-yanzu, in ta karɓa sau da yawa su koma na firiza.

Irin mesarka ta yi suna wajen yajin cin abinci. Babba mai lafiya takan yi watanni ba ta ci ba, musamman lokacin sanyi da lokacin barbara, ba tare da ta rame a zo a gani ba. Idan idonta ya yi hazo ya koma shuɗi-shuɗi, saɓa ce ke tafe, kada ma ka wahalar da kanka. Saboda haka ka nemi ƙaramin sikeli ka riƙa auna ta kana rubutawa. Muddin nauyin bai sauka sosai ba, bayanta bai fito da tsini ba, to haƙuri kawai za ka yi, yunwa za ta yi maka aikin. Idan ta zubar da wajen kashi goma cikin ɗari na nauyinta, ko kana jin ƙara a numfashinta, to wannan na likitan dabbobi ne. Ɗan ƙaramin maciji ne ba a ja masa rai haka, don ba shi da kitsen da zai dogara da shi. A irin wannan hali, idan komai ya faskara, na yarda a ba da mai rai ƙarami, kana tsaye da hantsaki a hannu, in minti 15 suka wuce bai ci ba ka cire.

Girman ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. A girmanta na yanzu, sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14 ya isa. Bayan ta ci ka ƙyale ta kwana biyu ba ɗauka, ko yara sun matsa, in ba haka ba ta amayar, in kuma ta amayar sai ka ba cikinta hutun mako biyu.

Wani abu na lura a hotunanka: maɓoya ɗaya na gani, kuma ta yi mata girma. Ka sa biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, masu matse ta yadda jikinta zai taɓa bango. Gefen ɗumin ya kai digiri 31 zuwa 32. Sau da yawa ƙin cin abinci daga nan yake, ba daga ɓeran ba. Ka gyara wannan tukuna, ka ba ta mako guda ba taɓawa, sannan ka gwada. Ka turo mini nauyinta da abin da ma'aunin zafi ya nuna a gefe biyun, mu ga inda za mu dosa.

Ka gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka