Gaisuwar Sallah daga Bakin Misisipi

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaida Yaya da iyalinsa. Baba ya ce in bayyana masa da me mutanen nan ke ci, to ga shi.

Gundumar da nake zaune sunanta Alamaki, a kusurwar arewa maso gabashin jihar Ayowa ta Amurka, mutanenta wajen 14,000 ne. Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar sun tara tuddan ƙasa fiye da 200 a wannan yanki, wasu da siffar tsuntsu. Tun 1949 gwamnati ke tsaron wurin, ɗaukar ko tsinke laifi ne. Garin Lansin da ke bakin kogin Misisipi ya taɓa cin arzikin maɓallin riga da ake yankowa daga ɓawon katantanwar ruwa, har roba ta zo ta kashe sana'ar.

Yau masara da waken suya da shanu ne abin dogaro. Ana shuka a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a girbe a Oktoba. Sai an busar da masarar da inji laimarta ta sauko zuwa kashi 15 cikin 100 kafin a zuba rumbu, in ba haka ba ta yi zafi ta yi fumfuna. Daga nan sai a yi dakonta ta kogi. Kwale-kwalen ƙarfe ɗaya na ɗaukar tan 1,500, buhu 15,000 ke nan. Ana ɗaure 15 wuri guda, uku a faɗi biyar a tsawo, jirgi ɗaya ya tura su ta baya. Mashigar da jirage ke bi su wuce madatsar ruwa tsawonta mita 183 ne kacal, ayarin ya fi ta tsawo, dole a raba shi biyu, a wuce da kashin farko, sannan sauran su biyo baya. In fari ya janye ruwa, kamar a 2022, sai a rage lodi, kuɗin dako ya hau, a zabge wa manomi farashi. Daga Disamba zuwa Maris kuwa ƙanƙara ke rufe hanyar ɗungurungum.

A lokacin ne masunta ke huda ƙanƙarar su zura ƙugiya, abin da Kawu ba zai yarda ba sai ya gani. Ba a taka ta sai kaurinta ya kai santimita 10, kuma inda ruwa ke gudu a ƙarƙashi ta fi siranta, nan ake ruftawa. Kamun kifin kuma sai da lasisi.

Inna, a aiko da daddawa da yaji idan an samu mai tahowa.

Ɗanku mai biyayya.