Takardar Koke Kan Tanadin Sabuwar Maƙabarta da Kare Ruwan Shanmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka ne: masu haƙa kabari, masu wankan gawa maza da mata, limamai da magidanta. Mun zo da kuka kan abin da kowa ke kau da kai daga gare shi sai ranar da aka yi rasuwa, wato ina za a binne mu, kuma ta wace hanya, ba tare da kabarinmu ya zama cuta ga waɗanda muka bari ba.

Ranka ya daɗe, maƙabartarmu ta cika. Masu haƙa kan sara ƙasa sau biyu ko uku kafin su sami gurin da babu ƙashin wani. Gidaje sun matso har jikin katanga, wasu ma sun haƙa rijiya 'yan taku kaɗan daga kaburbura. Da damina ruwa kan kwanta a gefen gangare, mun kuma ga kabarin da zaizaya ta buɗe, abin da babu mai son ya gani ga mahaifinsa.

Batun ruwan shi ya fi tayar mana da hankali. Gawa idan ta fara narkewa tana sakin ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin cuta da gishirin sinadarai. Ƙasa ce ke tace shi a hankali, amma sai in an ba ta nisa da zurfi. A 1998 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya fitar da rahoto kan maƙabartu, inda ya ba da shawarar kada a yi kabari ƙasa da mita 250 daga rijiya ko burtsatsen da ake sha, a bar aƙalla mita 30 daga rafi, sannan ƙasan kabari ya ɗara saman ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita 1 ko a lokacin da ruwan ya fi tasowa. Mun auna da ƙafa, ba mu kai ko kusa da wannan ba. Yaran da ke shan ruwan nan jikokin waɗanda ke kwance a wurin ne.

Don haka roƙonmu na farko, Mai Martaba ya sa baki a keɓe sabon fili tun yanzu, a kan tudu, nesa da hanyar ruwa, a kawo masana ƙasa su gwada zurfin ruwa kafin a sara ko da fatanya ɗaya. A yi masa takarda da shinge, domin filin da babu takarda ba ya kwana biyu sai an yanka shi fulotai. A kuma dakatar da haƙa sababbin rijiyoyi kusa da tsohuwar.

Na biyu, yadda muke binnewa. Wasu sun fara zuba siminti a kan kabari suna jera tayil, wasu suna sayen likkafani na yadin roba saboda sheƙinsa. Masu haƙa sun shaida mana sukan tarar da irin wannan yadi bayan shekaru bai ruɓe ba, alhali na auduga ya daɗe da zama ƙasa. Siminti kuwa yana kashe gurin har abada, yana kuma hana ruwan sama shiga ƙasa, sai ya gangara ya ci kabarin maƙwabci. Ba sabon abu muke nema ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) likkafani da farin yadin auduga guda uku, an rufe lahadunsa da ɗanyen tubali, kuma Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ya hana a shafe kabari da farar ƙasa ko a yi gini a kansa. Muna roƙon a umarci limamai su tunatar da jama'a wannan a huɗuba.

Abin lura shi ne mutanen wasu ƙasashe yanzu suke lalubo hanyar komawa ga wannan sauƙin. Sun gaji da akwatin ƙarfe, da sinadarin fomalin da ake ɗura wa gawa, wanda masana suka tabbatar yana jawo cutar daji ga masu aiki da shi, da ƙona gawa da ke cin makamashi yana fitar da hayaƙi. A 1993 birnin Kalail na Ingila ya buɗe maƙabartar daji, inda ake dasa itace maimakon kafa dutse. Mu ma muna roƙon a dasa itatuwa a kewayen sabon filin, saiwarsu ta riƙe ƙasa ta kuma zuƙe danshi, masu rakiyar gawa su sami inuwa.

Sai ƙaramin abu mai sauƙin yi: a buɗe littafin rajista, kowane kabari da lambarsa da shekararsa, don a san gurin da ya huta da wanda bai huta ba. A kuma ƙarfafa wa magidanta su riƙa rubuta a wasiyya cewa auduga suke so, ba su yarda a yi musu gini ba, domin ranar rasuwa iyali ba su da natsuwar yin shawara, abin da na kusa ya ce shi ake yi.

Mun shirya ba da ƙarfinmu wajen shinge, dashe da ban ruwa. Muna roƙon Sarki ya sa mana rana mu zo fada da wakilanmu, ya kuma turo wakilinsa ya zaga maƙabartar da mu kafin ruwa ya sauka.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Kwamitin Kula da Maƙabarta, a madadin jama'a