Wasiƙa ga Iyaye: Gidan Dutsen Linkon da Aikin 'Yan Aji Biyu

Assalamu alaikum iyayenmu, fatan kuna lafiya, ya yara ya gida.

In kun ga yaranku na aji biyu suna ta tara kwali da tsakuwa kwanan nan to kar ku yi musu faɗa, mu muka sa su. A darasin tarihi da zane muna kan wani tsohon gida ne a garin Linkon ta ƙasar Ingila, ana ce masa Jew's House, yana gindin wani titi mai hawa da ake kira Steep Hill wanda ya miƙe har babban cocin garin. Wajen shekarar 1170 aka gina shi, kusan shekara ɗari bayan Normawa, wato mutanen yankin Normandi na Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma har yau yana tsaye ana shiga ana fita, yanzu ma gidan abinci ne.

Lokacin nan galibin gidajen gari na katako ne, gobara ɗaya ta cinye layi guda, sai mai kuɗi sosai ke iya gini da dutse. Shi wannan da farin dutsen yankin aka yi shi, bene ne hawa ɗaya, ƙasa shaguna sama kuma babban ɗaki na masu gida, kamar dai yadda 'yan kasuwanmu ke yi a bakin titi. Abin da ya fi ɗauke hankalin yara shi ne ƙofar, an yi mata baka an sassaƙa ado a jiki, sannan murhu da bututun hayaƙi sun hau daidai kan bakan nan, wato ƙofa ce ke ɗauke da nauyinsu. Ni dai a ganina nan ne gwanintar maginin take, nan muka fi daɗewa.

Mun kuma gaya musu ɓangare mai ɗaci, sunan gidan ya samo asali ne daga Yahudawan Linkon da suka zauna a ciki, a 1290 Sarki Edward na Ɗaya ya kore su kaf daga Ingila, aka ƙwace gidajensu. Yara sun yi tambayoyi sosai, in sun kawo muku a gida dan Allah ku saurare su.

Kowane rukuni zai haɗa ƙaramin samfurin gidan, muna roƙon kwali, gam da almakashi mara tsini zuwa Litinin. Ranar karɓar sakamako za a baje su a ɗakin taro, ku shigo ku gani.

Malamar tarihi, a madadin hukumar makaranta