Ku zo fadama ku ga mazan jiyan da ke raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki. Dan Allah ku ba ni ɗan fili in yi ƙorafi kan yadda kuke kawo labarin ranar tunawa da mazan jiya. Duk 15 ga Janairu abu ɗaya ne, manya sun ajiye furanni a Abuja, an saki tantabaru, an yi fareti, an sayar da bajo, shi kenan sai baɗi. Waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu, amma ai akwai waɗanda suka dawo da rai ba da cikakken jiki ba, su ba na jin muryarsu a gidanku.

Muna da ɗaya a nan, maƙwabcin gonata ne, Baba Saje muke ce masa. Yana cikin sojojin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da aka fara turawa Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo inda suka mayar da shugaban ƙasar, Tejan Kabbah, kan mulki a 1998, to a can ne ya bar ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Da aka sallame shi bai tsaya zaman jiran fansho ba, gonar gado ya dawo ya kama, yanzu damina masara da dawa, rani kuma albasa da tumatur da ɗan attaruhu.

Edita wallahi sai ka ga yadda mutumin nan yake ban ruwa. Ƙafar roba ba ta shiri da taɓo, in ta nutse sai ta cije ta ƙi fitowa, don haka cire ta yake ya jingine a gindin mangwaro, ya zauna a kan buhu yana jan jiki daga fangali zuwa fangali, yana buɗe ruwa da fartanya yana toshewa. Abinda mai ƙafa biyu zai gama kafin hantsi shi sai azahar. Ƙafar ma ta tsufa, madaurin ya tsinke ya ɗaure da robar tayar keke, lokacin zafi kuma dungun ya riƙa salewa yana ruwa, sai ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Ban taɓa jin ya roƙi kowa sisi ba, sai dai faɗa, in yaro ya taka masa kunya har yau da muryar bariki yake magana.

Abinda ya fi ci min rai shi ne tantancewar da ake wa 'yan fansho. A ce mutum mai ƙafa ɗaya ya bar albasarsa ana tsakar ban ruwa, ya hau mota zuwa birni ya yini a layi, a ce na'ura ta ƙi ɗaukar yatsansa ya dawo wani satin, to yatsan manomi da ya sha ƙotar fartanya ina zanen zai fito? Kafin ya dawo rabin shukar ta yi yaushi, kuɗin motar kuma bashi ne.

Na san akwai cibiyar sojoji ta Oshodi a Legas da ake koya wa masu barin aiki sana'a har da noma da kiwo, abu ne mai kyau, amma koyarwa daban kayan aiki daban. Shi Baba Saje ba lacca yake buƙata ba, ya fi mu sanin ƙasa. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 fetur ɗin injin ban ruwa ya zama abinda yake cinye ribar, ga taki ga kuɗin 'yan ƙwadago, shi kuwa dole ya ɗauki ma'aikata a aikin da mu muke yi da kanmu, huɗa ce ko ɗaukar buhu zuwa bakin titi. In da gaske ake, injin sola guda ɗaya da sabuwar ƙafa duk bayan 'yan shekaru sun fi masa kwandon furanni amfani, kuma a riƙa zuwa har gida ana tantance irinsu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne fa. 'Yan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 saura kaɗan, amma ga yaran da suke dawowa daga Borno da Zamfara babu hannu ko ido, da yawansu 'ya'yan manoma ne kuma gona za su koma.

Don haka ina roƙonku kafin Janairu mai zuwa ku turo wakilinku da rakodarsa ya shigo fadama, ya zo da sassafe lokacin ban ruwa, ni zan raka shi. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai sauraronku daga Kura, jihar Kano